Yadda ɗalibi zai ci moriyar kallon aikin farmasin asibiti a ƙasar waje

Ƙannenmu da ke karatun harhaɗa magunguna a Dakar ko Rabat sukan samu ƴan makonni na zama a farmasin babban asibiti, kuma yana damuna in ga wasu sun komo Yamai ba su riƙe komai ba sai kyan gini da na'urori. Ga hanyar da na bi lokacin da nake Rabat.

Da fari, nemi takardar yarjejeniyar istaji, wato zaman koyon aiki, daga jami'arka tun da wuri, ka haɗa da katin rigakafi, musamman na ciwon hanta nau'in B. Idan ka shiga, ka sani kai ɗan kallo ne: kada ka taɓa abin da ba a miƙa maka ba, kada ka ɗauki hoton takardar majiyyaci, domin sirrinsa amana ce.

Bayan haka, zaɓi magani guda ka bi sawunsa tun daga sito har bakin gadon mara lafiya. Ni insulin na zaɓa, maganin ciwon suga. Na ga yadda ake ajiye shi a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, da wata ma'aikaciya da ke duba ma'aunin sanyi safe da yamma, tana rubutawa a takardar da aka manna a ƙofar firijin, ta sa hannu. Na ga yadda ake jawo kwalin da wa'adinsa ya fi kusa zuwa gaba, sabon zuwa kuma a tura shi baya. Daga nan ka roƙi a bar ka ka tsaya kusa da mai duba ordonans, wato takardar maganin da likita ya rubuta, ka lura da yadda yake auna adadin maganin yaro da nauyin jikinsa, da yadda yake kiran likita cikin ladabi idan magunguna biyu ba sa jituwa. Ka lura kuma da mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, wanda ke cikin akwati mai makulli, ba ya fita sai an rubuta shi a littafi na musamman.

Kowane dare, rubuta abin da ka gani da sunan magani na ainihi, wato farasitamol maimakon Doliprane, tunda sunan kasuwa yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda na fi bai wa muhimmanci. Raba littafinka gida biyu: abin da ke buƙatar kuɗi, da abin da ke buƙatar tsari kawai. Ɗakin haɗa maganin ciwon daji yana cikin kashi na farko. Takardar ƙofar firiji kuwa biro kaɗai take nema, kuma a Tahoua, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 kuma wuta ke ɗaukewa, ita ce za ta taimaka maka ka gane ko firijin insulin yana riƙe sanyinsa.