Shawara ga masu tsohuwar Camry ko Honda a Sakkwato

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai Camry ta 2002 zuwa 2006 ko Honda Accord ɗin nan da ake wa laƙabi da EOD, don Allah kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo ka kai wa bakanike ya duba maka lagireto da fanka da famfon ruwa. Kun san garin nan zafi na wuce digiri 40, kuma injin Camry mai 2.4 ba ya yafe zafi, in ya tafasa sosai gaskit ɗin kan inji ya ƙone, wani lokaci har zaren kusoshin kan inji su ci, sai ka ga ruwa na raguwa kullum ba ka ga inda yake zuba ba, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Kuɗin wannan aiki ya ninka na kulan (ruwan sanyaya inji da ake zubawa a lagireto) da sabon tiyo sau da yawa, wasu ma ƙarshe sai sun sayi injin Beljiyam.

Kuma a daina ɗura ruwan rijiya ko fiyawata a lagireto, tsatsa yake kawowa ya toshe hanyoyin.

Masu EOD ku kula da bol joyin na ƙasa, wato mahaɗin da ke riƙe tayar gaba. Da ka ji ƙwas-ƙwas a gaba in ka hau rami, canza shi, kada ka jira taya ta kwanta maka a hanyar Gusau da iyali a ciki. Man giya kuma na Honda za ka sa, ban yarda da na durom ba ko kaɗan, gyaran giya otomatik tsada gare shi.

Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe filtar iska, ƙura na toshe ta ta rage wa mota ƙarfi.