Auna tsayi da matsin iska: inda lissafi yake ɓaci

Duk sa'ad da ka hau sama, iskar da ke danne ka tana raguwa, matsinta ma ya ragu. Kusa da matakin teku, hawan mita ɗaya yana rage kusan faskal 12 (faskal shi ne ma'aunin matsi), wato hektofaskal ɗaya, wanda shi ne faskal 100, yana daidai da mita 8 da 'yan kai. Daga nan aka samo lissafin da kowa ya sani: tsayi = bambancin matsi ÷ (nauyin mita kubik ɗaya ta iska × 9.81), inda 9.81 yake adadin ƙarfin jan ƙasa.

Babban kuskure shi ne a ɗauki iska tamkar ruwa. Ruwa ba ya matsuwa, nauyinsa a saman tanki da ƙasansa kusan ɗaya ne. Iska kuwa sai ta yi ta sauƙi ana hawa. Kilogiram 1.225 da ake sakawa a matsayin nauyin mita kubik ɗaya ta iska na matakin teku ne, a zafin digiri 15. A tsayin mita 3,000 ya sauka zuwa wajen 0.9, hektofaskal ɗaya ya koma mita 11. Saboda haka in tazarar ta wuce 'yan ɗaruruwan mitoci, sai a koma ga wannan: tsayi = 29.3 × T × ln(P1/P2), inda P1 yake matsin ƙasa, P2 matsin sama, ln logaridim ɗin da ke kan kalkuleta, T kuma matsakaicin zafin iskar da ke tsakanin wuraren biyu.

Zafin nan da Kelbin ake sa shi, a ƙara 273 a kan Salshiyas. A ce ƙasa ta nuna hektofaskal 1000, sama 988, zafi digiri 25. Lissafin farko zai ba ka mita 100, na biyu mita 105. Iska mai ɗumi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, shi ya kawo wannan rarar.

Lokaci ma yana cutar mutane ƙwarai. Ka auna ƙasa da hantsi, ka auna sama da la'asar, yanayi ya riga ya motsa. A ƙasashe masu zafi matsin yana hawa da sauka sau biyu a yini, da kimanin hektofaskal 2, wanda ya kai mita 16 na ƙarya. Maganinsa a bar barometa (na'urar auna matsin iska) ɗaya a ƙasa ana karanta ta lokaci guda da ta sama, bayan an jera su wuri ɗaya an rubuta bambancinsu. In guda ɗaya gare ka, auna ƙasa, hau, sauko ka sake aunawa, ka raba canjin gwargwadon lokacin da ya shuɗe.

Kada a tsaya inda iska ke kaɗawa. Iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa tana iya ƙara faskal 60 a bakin na'ura, mita 5 ke nan. Ɗaki rufaffe mai na'urar sanyaya wuri shi ma matsinsa ya kan saɓa da na waje.

Adadin da ake bayarwa a rahoton yanayi yawanci an mayar da shi matakin teku, bai dace a haɗa shi da karatun na'urarka kai tsaye ba. Sannan kafin a yi amfani da lissafin farko, a ninka hektofaskal sau 100 ya zama faskal.