Kurakuran da masu rubuta labarin tafiya suka fi yi, da yadda ake gyara su

Mutum zai je Alƙahira ya yi sati biyu, ya dawo ya zauna rubuta abin da ya gani, sai shafin farko ya ƙare bai bar filin jirgin Kano ba. Wahalar biza, waɗanda suka yi masa rakiya, awon kaya, addu'ar da ya karanta da jirgi ya ɗaga, duk suna ciki. Mai karatu kuwa labarin Masar ya zo ji. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa, ya kuma fi sauƙin gyara. Rubuta duka in ranka yana so, amma in ka gama ka koma ka nemo inda wani abu ya fara ba ka mamaki. Nan labarin ya fara, abin da ke samansa ka yanke.

Wanda ya fi shi wuyar magani shi ne yabon da ba ya nuna komai. "Garin ya haɗu." "Abincinsu ba a magana." "Abin sai wanda ya gani." To, in sai wanda ya gani ne, me ya kai ka ɗaukar alƙalami? Aikinka kenan, ka sa wanda bai je ba ya gani. Ɗauki koshari, abincin da talaka da mai kuɗi suke ci a Alƙahira. Kada ka ce yana da daɗi ka wuce. Ka faɗi cewa shinkafa ce da taliya da wani ƙaramin wake da suke kira adas a kwano ɗaya, a zuba miyar tumatir, a watsa soyayyar albasa, ga kwalbar ruwan tafarnuwa da ta yaji a kan tebur kowa ya ƙara yadda yake so. Ka faɗi yadda mai zubawar yake buga cokali a bakin manyan kwanukansa, ƙarar na fita har titi. Ko kalmar "daɗi" ba ta fito ba, mai karatu ya riga ya haɗiyi yawu.

Sai batun karatu, kuma a nan ake faɗawa rami biyu. Akwai wanda zai tafi bai buɗe littafi ko ɗaya a kan ƙasar ba. Zai shiga masallacin Azhar ya ga ginshiƙai da ɗalibai a zazzaune, ya ɗauki hoto, ya fita. Da ya san Faɗimiyawa ne suka fara gina shi a 970, cewa 'yan Shi'a ne, kuma sai bayan faɗuwar daularsu a 1171 wurin ya rikiɗe ya zama cibiyar karatun Sunna, da kallon da zai yi wa bangon ya bambanta. Da ya san tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa wa ɗalibansu da alhazansu masauki a birnin, ko Mansa Musa, sarkin Mali, ya yada zango a can a 1324 a hanyarsa ta Makka, da bai rubuta kamar shi ne baƙar fatar farko da ya taka garin ba. Ido ba ya tsayawa a kan abin da kai bai san da shi ba.

Ɗaya ramin na wanda ya yi karatun ne amma ya kasa riƙe shi. Yana isa dalar Giza sai ya kwaso tsawonta da faɗinta da adadin duwatsunta daga intanet ya jibge mana. Wannan kowa zai iya nemowa a wayarsa yana kwance. Bayani ɗaya ko biyu sun isa, kuma su zo daidai lokacin da ƙafarka ke wurin, suna amsa tambayar da gani ya tayar maka.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yanke wa al'umma hukunci da mutum guda. Mai raƙumi ya tsuga maka kuɗi a Giza, shi kenan ka rubuta cewa Misirawa macuta ne. Ƙasar tana da mutum sama da miliyan 100, kuma yawancin waɗanda baƙo ke cin karo da su a irin wannan wuri mutane ne da abincinsu ke aljihun baƙi. Baƙon da ya kwana uku a Kano, bai yi hulɗa da kowa ba sai 'yan kamashon tasha, me za ka ce in ya rubuta halin Kanawa? Ka ce "mai raƙumin da na haɗu da shi", ka ba da labarin yadda cinikin ya kaya, ka bar mai karatu ya yi nasa lissafin.

Ɗan'uwan wannan shi ne zagin gida a kowane sakin layi. Ka ga jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin birnin Alƙahira, wanda aka buɗe tun 1987, har da taragun mata zalla, maimakon ka nuna mana cunkoson safiya da yadda ake sayen tikiti, sai ka koma kukan shugabanninmu. Kwatanci sau ɗaya yana haskaka abu, in ya yi yawa labarin ya tashi daga Masar ya koma tsokaci kan siyasar gida.

Da yawan waɗannan matsaloli daga dogaro da ƙwaƙwalwa suke fitowa. Hoto ba ya riƙe wari, ba ya riƙe maganar direban tasi. Kowane dare, kafin barci, ka rubuta abin da ka ji da kunnenka da sunayen unguwannin da ka bi, in ba ka tabbatar da suna ba ka sa ɗan gari ya rubuta maka. Farashi kuwa ka haɗa shi da wata da shekara, domin fam ɗin Masar ya faɗi ƙwarai a Maris ɗin 2024, kuma wanda ya yi shirin tafiya da tsohon lissafinka zai sha kunya.

In ɗalibanmu da ke karatu a can ne suka sauke ka, suka buɗe maka cikinsu kan kuɗin haya da takardun zama, kada ka sa sunayensu ko hotunansu sai sun yarda. Kai ka dawo gida, su suna can.