Yadda za ka gyara bindigar ƙusa idan tana yoyon iska

Assalamu alaikum 'yan uwa kafintoci, musamman mu na ƙauye da ba mu da mai gyaran irin waɗannan kaya a kusa. Yanzu da kaka ta yi, an sayar da riɗi da gyaɗa, aikin kayan ɗaki ya fara shigowa, gado da wadurob da kujerun kushin, kowa so yake a gama mishi kafin ranar biki, toh a irin wannan lokacin ne bindigar ƙusa take fara kukan nan na tsiiiii ko ba ka taɓa ta ba. Kwamfresa, wato injin da ke ba bindigar iska, ba ta hutawa, ta tsaya ta sake tashi, janareto na ta shan fetur a banza, ƙusa kuma ta daina nutsewa sai ka bi ta da guduma ka ɓata fuskar katako. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya jefar da bindiga mai kyau a ƙarƙashin benci ya tafi Kano sayen sabuwa, alhali yawanci wata 'yar roba ce da ba ta kai zoben yatsa ba ta bushe ko ta tsage.

Kafin komai, don girman Allah, zare tiyo daga jikin bindigar, sannan ka buɗe gidan ƙusa ka kwashe su kaf, ka leƙa bakin ka tabbatar babu guda ɗaya da ta maƙale. Ko da za ka mayar da tiyo don gwaji, babu ƙusa a ciki, bakin kuma yana kallon ƙasa ba ƙafarka ba, ba yaron shago ba. Ƙusar ƙaramar bindiga irin F30 siririya ce amma tana shiga ƙashi.

Sai ka duba agogon kwamfresa tukunna, don ba kowane huci ne lalacewa ba. Ƙananan bindigogin da muke aiki da su, irin F30 da F50 da ta fin ɗin kushin 1013J, yawancinsu suna so ne ƙarfin iska ya tsaya tsakanin 60 zuwa 100 a layin agogon da aka rubuta psi, wato wajen 4 zuwa 7 a ɗaya layin da aka rubuta bar. In iska ta yi ƙasa da haka bawul ɗin da ke cikin kan bindigar, wato abin da ke buɗe wa iska hanya ya kuma rufe, ba ya samun ƙarfin da zai zauna ya rufe, sai ka ji tana huci ta sama, da tanki ya cika sai ta yi shiru. In haka ne lafiyarta ƙalau. Amma kar ka ce za ka ƙure iska don ka rufe yoyo, akwai iyaka a rubuce a jikin bindigar ko a takardarta, wuce wannan iyaka shi ke fasa robobi.

Yanzu neman wajen da iskar ke fita. Wannan shi ne rabin aikin, in ka gano shi ba sai ka wargaza bindiga gaba ɗaya ba. Kashe janareto bayan tanki ya cika don ka ji da kunnenka, ka bi jikinta da bayan hannu. In ba ka ji ba ka kaɗa ruwan omo ya yi kumfa, ka shafa da buroshi a mahaɗai kamar yadda mai faci yake neman huji a tayar babur, inda ya yi ƙwai-ƙwai yana kumbura nan ne. Shafawa kawai fa, kar ka tsoma bindiga cikin ruwa.

Fara daga gindi, inda tiyo yake shiga. Sau da yawa ma laifin ba na bindiga ba ne, kan tiyon ne ya ci, ko ya tsage dab da kilif saboda ja da lanƙwasa. Yanke wajen da ya tsage ka mayar ka ɗaure da sabon kilif, ba waya ba, ba robar tayar keke ba. In kuma ta wajen zaren ƙarfen nan da aka murɗa a gindin bindiga ne, kwance shi da sifana, goge tsohon tef ɗin, naɗa farin tef na masu famfo zagaye uku ko huɗu, ka bi ɓangaren da ake ɗaurewa don kar ya warware, ka bar zaren farko tsirara saboda guntun tef kar ya shige ciki ya je ya maƙale a bawul. Shikenan.

In kumfa ta fito ta tsakanin murfin sama da gangar jiki, gwada notocin da alanki, girgiza tana sassauta su. In sun ɗauru amma yoyo bai tsaya ba toh gaskit, wato siririn faifan da ke tsakani mai tare iska, ya yage, sai canji.

Wanda ya fi yawa kuma ya fi ba mutane tsoro shi ne iska na fita ta hancin sama, inda take fesowa bayan kowane harbi, alhali ba ka danna kunama ba. Nan sai an buɗe. Shimfiɗa farin tsumma mai tsabta a kan tebur, nesa da garin katako, ka kwance notocin murfi, yawanci huɗu ne, ka ɗaga a hankali da tafin hannunka a kai don akwai sifirin a ciki, in ya yi tsalle ya faɗa cikin dusar katako ka shiga uku wajen nema. Duk abin da ka ciro ka jera shi bi da bi yadda ya fito, kuma ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, wallahi wannan hoton yana ceton mutum lokacin mayarwa. A cikin murfin za ka ga bawul mai zagaye da zobban roba a jikinsa, ciki da waje. Ciro su da tsinken sakace ko wani abu na roba, kar ka sa sukundireba ko ƙusa, domin in ka karce ramin da zoben yake kwanciya ko sabo ka saka iska za ta bi ta karcen. Riƙe zoben a haske ka ɗan ja shi. Mai lafiya yana da laushi kuma jikinsa zagaye yake, wanda ya mutu za ka ga ya baje gefe ɗaya ya yi fale-fale, ko ya yi tauri, ko ƙananan tsagu sun bayyana da ka ja shi. Wani lokacin ma ba abin da ya samu zoben, ƙura ce ta hunturu ta haɗu da tsohon mai ta zama baƙin danƙo ta hana bawul zama, gogewa da sabon mai kawai yake so.

Tunda ka riga ka buɗe, zaro fistin ɗin ma, shi ne mai dogon harshen ƙarfe da ke dukan kan ƙusa. Yana da nasa zoben, kuma a can ƙasan silinda akwai wata roba mai kauri da fistin ke sauka a kai. In iska ta bakin bindiga take fita, ko ƙarfin harbi ya ragu, ko harshen ba ya komawa sama, waɗannan biyun za ka zarga. Robar ƙasan nan in ta tsufa marmashewa take yi, ka ga gutsattsari suna zubowa in ka kifa bindigar, kuma abin da ke saurin kashe ta shi ne yara su riƙa harba bindiga babu ƙusa a ciki don jin ƙara. Hana su.

Yoyon wajen kunama shi ma zobba ne, amma ƙanana ƙwarai, a jikin ɗan bawul ɗin da kunama ke dannawa. Ana bugo fin ɗin da ya riƙe kunama a cire ta sannan bawul ya fito. Ni a ganina in ka samu bawul ɗin sukutum a kasuwa gara ka canza shi gaba ɗaya, zobban sun yi ƙanƙanta da yawa, samun daidai su da wuya. Kuma ka sani lalacewar wannan ɗan bawul ɗin tana iya sa iska ta fita ta sama, don shi ke riƙe iskar da ke danne babban bawul, saboda haka in ka canza zobban cikin murfin sama ba ta daina ba, dawo nan.

Maganar sayen zobe: ka tafi da tsohon a ƙulle cikin leda, har da bindigar in da hali, ko ka ba direban da ke shiga Kano ya leƙa maka Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari wajen masu kayan aiki. Faɗi da kauri duk sai sun zo ɗaya. Wanda ya fi kauri zai riƙe bawul ya ƙi motsi, siriri kuma zai yi yoyo, "kusan ɗaya ne" ba ta aiki a nan. In ka samu ka sayi biyu-biyu ka ajiye a inuwa cikin gwangwani, zafin bazara a ƙarƙashin kwano yana busar da roba ko ba a yi aiki da ita ba.

Wajen mayarwa, goge cikin silinda da tsumma busasshe mara gashi. Kar ka wanke da fetur, tururinsa na iya kamawa da wuta a ciki. Shafa wa kowane zobe mai kaɗan, ka tura shi ya zauna ba tare da ya murɗe ba, sannan ka ɗaure notocin murfi kaɗan-kaɗan, wannan sai na kusurwar da ke kallonsa, don gaskit ya kwanta daidai. Jikin bindigar alminiyon ne, in ka matsa da ƙarfi zare zai ci. Haɗa tiyo, saurara, sake shafa kumfa, in shiru sai ka zuba ƙusa ka gwada a guntun katako.

Mai kuwa, akwai na kayan iska musamman, ɗigo biyu ko uku ta ƙofar da tiyo ke shiga kowace safiya kafin aiki. Baƙin mai da aka juye daga babur, man birki, man gyaɗa, duk kar su kusanci bindigarka: man birki yana kumbura roba, man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo. In ka rasa na ainihi, man keken ɗinki ya fi su sauƙi kafin ka samo. Sannan ƙaramin famfon da ke ƙarƙashin tankin kwamfresa, buɗe shi duk yamma ruwan da ya taru ya fita, musamman da damina, don wannan jan ruwan mai tsatsa shi ke bin tiyo ya shiga bindiga ya wanke mai ya ci zobba.

In kumfa ta nuna maka gangar jikin ce kanta ta tsage, galibi bayan ta faɗo daga saman rufi, wannan kam ba ta gyaruwa. Kar a liƙe da gam, kar a kai wa mai walda, iska mai ƙarfi ce a ciki tana iya tarwatsewa a hannunka. Cire fistin da bawul da sifirin ka ajiye, za su yi maka amfani a wata irinta. Haka kuma duk rintsi, ko kwamfresa ta mutu ana jiran kaya gobe, kar wani ya ba ka shawarar haɗa bindiga da tukunyar iskar masu walda, iskar oksijin in ta haɗu da man da ke ciki bindigar fashewa take yi.