Yadda Ake Harhaɗa Manhaja da Laburaren da Aka Girka a Wani Wuri Dabam

A tsarin Linux, idan laburaren da wata manhaja mai buɗaɗɗen tushe take bukata ba ya cikin /usr/lib ko /usr/local/lib, wajibi ne ka nuna wa kwamfuta inda yake da kanka. Mu ɗauka an girka zlib, laburaren matse bayanai, a /opt/zlib.

Da farko, ka leƙa ciki ka tabbatar akwai foldodin include da lib. Sannan ka rubuta export PKG_CONFIG_PATH=/opt/zlib/lib/pkgconfig, domin manhajoji da yawa pkg-config suke tambaya, wato manhajar da take faɗa musu inda laburare yake.

Bayan haka, ka shiga foldar tushen manhajar da za ka harhaɗa, ka ba da umarnin ./configure CPPFLAGS="-I/opt/zlib/include" LDFLAGS="-L/opt/zlib/lib -Wl,-rpath,/opt/zlib/lib". Wannan rpath ɗin, wato adireshin da manhajar za ta nemi laburaren a ciki idan aka kunna ta, ya cancanci kulawa ta musamman, saboda idan babu shi harhaɗawar takan kammala lafiya lau, amma manhajar ta ƙi tashi, ko kuma ta ɗauko tsohon zlib na tsarin ba tare da ta ce uffan ba, wanda shi ya fi wuyar ganowa. LD_LIBRARY_PATH, wani saitin da shi ma yake nuna inda za a nemi laburare, yakan rufa asiri na ɗan lokaci, sai dai yana shafar duk manhajar da aka kunna ƙarƙashinsa, don haka kada ka dogara da shi.

Masu amfani da CMake maimakon ./configure za su ƙara -DCMAKE_PREFIX_PATH=/opt/zlib a umarnin cmake.

Sai ka rubuta make, sannan ka binciki fayil ɗin da ya fito da umarnin ldd, wanda yake jera laburaren da manhaja take ɗaukowa, ka tabbatar layin libz.so yana nuna /opt/zlib/lib.