Kurakuran da Aka Fi Yi a Wasan Ludo na Waya da Abokai

Ludon da muka taso muna bugawa a kan tabarma da wanda ake bugawa a waya sunansu ɗaya, amma dokokinsu sun sha bamban, kuma daga nan yawancin kurakurai ke tasowa. Ɗauki Ludo King, manhajar da kamfanin Gametion na birnin Mumbai a Indiya ya fitar a 2016. A wajenmu an saba da dayis biyu, kuma in ka ci ɗan wani, naka ya gama aikinsa, sai ka cire shi daga fili. A Ludo King dayis ɗaya ne. In ka ci, nasa ya koma gida, a ƙara maka jifa, amma naka yana nan a fili, ana iya cinye shi nan take.

Shi ya sa kwaɗayin ci ke kayar da mutane. Za ka ga mutum ya ɗauko ɗan da ya kusa shiga gida daga inda yake a tsare, ya ci wanda bai jima da fitowa ba, ya sauka a gaban 'ya'yan wani har biyu. Riba kaɗan, asara mai yawa. Kafin ka ci, waiwaya ka ƙirga. Duk ɗan abokin wasa da ke bayanka da taku 1 zuwa 6 zai iya cinye ka da jifa guda. Daga 7 zuwa sama kuwa sai ya samu ƙarin jifa tukuna, kamar in ya samu shida ko ya ci wani a hanya, ya ƙara da wata lamba, haɗarin ya ragu sosai. Akwai kuma wurare 8 da ba a ci a kansu: masu tauraro huɗu da mafitar kowane gida. Ɗanka da ya yi nisa ya zauna a can har hanya ta yi kyau, ka riƙa tafiya da na baya.

Wannan ba zai yiwu ba in ɗa ɗaya kaɗai gare ka a fili. A ganina wannan ne kuskure mafi tsada: mutum ya samu shida, maimakon ya fito da sabon ɗa, sai ya ƙara tura wanda ke gudu. Mai ɗa ɗaya ba shi da zaɓi, abin da dayis ya ba shi dole ya taka, ko da cikin rami ne. Mai uku a fili shi ke zaɓar wanda zai motsa. Sannan a tuna, shida uku a jere ɓata jifa suke yi, kuma ba a shiga gida sai da lambar da ta yi daidai, saboda haka babu amfanin cusa 'ya'yanka duka a bakin ƙofa su zauna jiran lamba 1.

Sauran matsalolin na shiri ne. Wanda ya buɗe ɗaki ya tura lambar shiga ya jira kowa ya shigo kafin ya fara, ya kuma zaɓi adadin kwabban wasa da kowa ke da shi. Kowane jifa yana da ƙayyadadden lokaci, wanda ya yi ta rasa nasa saboda kira ko raunin intanet ana iya fitar da shi. A duba caji da data tun farko, kada kuma a fara in an kusa kiran salla.

Abin da ya fi damuna shi ne sa kuɗin gaske. Ana farawa da katin waya na wasa, a ƙare da gaba tsakanin aminai, ga shi kuma caca ce tsagwaronta. Haka nan manhajojin da ke alkawarin ba ka shida duk lokacin da ka so, kada ka sauke su, kada ka ba su bayanan shiga asusunka na Facebook. Wanda yake gudu daga wasa da zarar ya ga zai sha kaye, ku gaya masa gaskiya cikin mutunci: ya tsaya a kammala, domin ficewarsa tana ɓata wa sauran lissafi.