Tsohuwar Ƙaramar Mota Mai Buɗaɗɗen Rufi a Matsayin Mota ta Biyu: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Duk wanda ya je duba irin wannan motar, bonet yake fara ɗagawa. Ya saurari inji, ya ji yana kaɗawa lafiya, ya kalli mita ya ga tafiyar ba ta da yawa, shi ke nan hankalinsa ya kwanta. A nan ake fara yin kuskure. Injin Mazda MX-5 ko na BMW Z3 yakan yi tsawon rai idan ana canza masa mai a kan kari. Abin da ke kwantar da waɗannan motoci biyu ne: ruwa da zama. Mota ta biyu kuwa, zaman shi ne aikinta na yau da kullum.

Ruɗuwa da ƙarancin tafiya

Motar da ta shekara ashirin amma mitarta na nuna kilomita 60,000 ba sabuwa ba ce. Roba ba ta san kilomita ba, shekaru take ƙirgawa. Tiyon ruwa, robar da ke tare mai a bakin inji, robobin ƙafa da bel duk suna bushewa su tsage ko da motar ba ta motsa ba, kuma sun fi saurin lalacewa a motar da ke ajiye, domin mai ba ya zagayawa ya jiƙa su. Takardun gyara sun fi lambar mita daraja. Motar da ta yi kilomita 150,000 da rasit na kowace shekara ta fi wadda ta yi rabin haka ba wanda ya san tarihinta.

Bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin inji, shi ne babban misali. Masu ƙera motoci suna ba da iyaka biyu, ta kilomita da ta shekaru, wadda ta riga cika ita ake bi. Mutane sukan riƙe ta farko su manta ta biyu. Idan babu shaidar an canza shi cikin shekaru biyar da suka wuce, ka ɗauka ba a canza ba, ka canza shi tare da famfon ruwa da ƙarfen da ke ɗaure shi, tunda aikin kwancewar ɗaya ne. A MX-5 na 1989 zuwa 2005, idan bel ya tsinke yawanci motar tsayawa kawai take yi, fistin ba ya dukan bawul. A Peugeot 206 CC ba haka ba ne: tsinkewarsa na nufin bawul sun lanƙwashe, sai an sauke kan inji. MX-5 na 2005 zuwa sama sarƙa yake amfani da ita, babu wannan maganar.

Toshewar magudanar ruwa

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada, kuma gyaransa bai wuce minti goma sha biyar ba.

Babu rufin tamfol da aka ƙera don ya hana ruwa shiga gaba ɗaya. Ruwan da ya gangaro daga rufi yana shiga wani kwararo da ke bayan kujeru, daga nan ya bi ta siririn bututu a kowane gefe ya zube ƙasa. A MX-5 bakin bututun yana kusa da inda bel ɗin kujera yake fitowa, ƙarshensa kuma yana gaban tayar baya. Ganye, ƙura da yashi sukan taru su toshe shi. Da zarar ya toshe, ruwan ba ya rasa wurin zuwa: wani ya malala cikin kafet, wani ya shiga cikin dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, ya kwanta a can yana cin ƙarfe daga ciki. Kafin ka ga fenti ya yi ƙuraje a waje, cikin ya riga ya zama gari.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka zuba rabin lita na ruwa a bakin kowace magudana, ka leƙa ƙarƙashi. Ya kamata ya zubo nan take, da ƙarfi. Idan ɗiga yake yi ko ya tsaya, ka zura dogon burushi mai laushi mai lanƙwasuwa, ka yi ta sama da ƙasa har ruwan ya wuce. Kada ka zura waya mai tauri, tana huda bututun ko ta yage 'yar robar da ke hana iska da ƙara shigowa. Iska mai ƙarfi ta kwamfireso ma tana iya fisge bututun daga mazauninsa, ka koma neman inda ya faɗa a cikin bodi. A yi wannan sau biyu a shekara, sau uku idan motar tana kwana ƙarƙashin bishiya.

Lokacin saye, ka sa hannu ƙarƙashin kafet, ba samansa ba. Soson da ke ƙasa yana riƙe ruwa makonni bayan saman ya bushe. Ka ɗaga shimfiɗar but ka duba ramin safaya. Warin rima, gumi a cikin gilashi da safe, tsatsa a kan layin da kujera ke gudu, duk magana ɗaya suke yi. Kuma motoci da yawa suna da akwatunan lantarki a ƙarƙashin kujera ko kafet, shi ya sa ruwan da aka raina yake komawa fitilu masu kunna kansu da makullin da ya ƙi buɗewa.

Duba fenti a maimakon duba ƙarƙashi

Mota mai kafaffen rufin ƙarfe tana samun wani ɓangare na ƙarfinta daga rufin. Wadda aka cire wa rufi ta dogara ne kacokan a kan ƙasanta da ƙarafan gefe. Saboda haka tsatsar da za a iya haƙuri da ita a wata mota, a nan ta taɓa ƙashin baya. Fenti mai sheƙi kyan ɗan maciji ne idan ba a shiga ƙarƙashi ba.

A ɗaga motar, a zo da tocila da ƙaramin maganaɗisu. Ka bi ƙarfen ƙarƙashin ƙofa daga gaba zuwa baya. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, an cike rami ne da fila aka shafe. Sabon baƙin shafe mai kauri a wuri ɗaya tak abin tambaya ne. A MX-5 na 1998 zuwa 2005 a duba ƙarafan shasi na gaba, kusa da inda ƙafar gaba take ɗaure, domin ƙarfe biyu ne aka haɗa, ruwa yana shiga tsakaninsu ya kumbura su. A Z3, musamman mai silinda shida, a ɗaga kafet ɗin but a duba ɗigon waldar da ke riƙe mazaunin difarenshiyal, wato akwatin giyar da ke raba juyi ga tayoyin baya, sukan tsage. Sannan a ɗaga kusurwa ɗaya da jak a buɗe ƙofa a rufe. Idan ta fara gogawa ko ta ƙi shiga daidai, bodin yana murɗewa, kuma wannan ba motar saye ba ce komai arharta.

Rufin da ba a gwada ba, da wanda ba a iya riƙewa ba

Mai sayarwa ya buɗe rufi sau ɗaya, ya tafi lafiya, an wuce wurin. Bai isa ba. A buɗe a rufe sau uku a jere, inji yana aiki. Famfon da ya gaji ko man da ya yi ƙasa a zagaye na biyu ko na uku suke nuna kansu: rufin ya rage gudu, ya karkace gefe guda, ko ya tsaya a tsakiya. Bayan haka a zuba ruwa da tiyo na minti biyar, ba da ƙarfi ba, wani yana zaune a ciki yana kallon kusurwar gilashin gaba da saman tagogi.

Rufin ƙarfe mai naɗewa, irin na 206 CC da Mercedes SLK na 1996, yana aiki ne da silindojin mai da jerin ƙananan makunnai da ke gaya wa kwamfutar motar inda kowane sashe yake. Makunni ɗaya ya ƙi amsawa, komai ya tsaya. Sau da yawa ma ba lalacewa ba ce: a 206 CC rufin ba zai motsa ba sai an ja labulen but an maƙala shi. Kuskuren da ake yi shi ne a kama rufin da ya tsaya a ja da ƙarfi. Littafin motar yana da hanyar sakin matsin mai don a rufe da hannu. A koye ta tun kafin ranar buƙata. A SLK kuwa, tabon mai a silin ko kusa da gilashin gaba alama ce ta silinda mai yoyo. Kuma idan za a ƙara mai, na rufi daban ne. Wanda ya zuba man birki ya kashe duk robobin da ke cikin tsarin.

A ganinmu, ga mota ta biyu, rufin hannu ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Maƙalai biyu ne da ƙarafa, babu famfo, babu waya.

Tamfol kuma ba a naɗe shi a jiƙe a bar shi, yana yin fumfuna ya ruɓe a kan lanƙwasa. Ba a barin sa a naɗe na makonni, yana tsukewa ya ƙi kai wa maƙali. Ba a harba masa ruwa mai matsi, ba a wanke shi da sabulun wanki mai ƙarfi. Tagar baya idan ta leda ce, ba a goge ta a bushe, kuma a lokacin sanyi sosai ba a naɗe ta, tana karyewa. Robobin gefen rufi a shafa musu giris na silikon sau biyu a shekara. Man da aka samo daga fetur, irin su basilin, kumbura robar yake yi.

Tada inji minti biyar da sunan ɗumamawa

Niyya ce mai kyau da ke yin ɓarna. Kowace tayarwa tana zuƙar wuta daga batir, minti biyar a tsaye kuma ba ya mayar da ita. Injin bai yi zafin da zai ƙone tururin da ke cikinsa ba, sai ruwa ya taru a cikin mai da salansa. Ko dai a fita da motar a yi tafiyar minti talatin duk mako biyu, a taka birki sosai, a shiga kowace giya, a kunna esi na minti goma, a motsa rufi, ko kuma a bar ta kawai da na'urar da ke riƙe cajin batir.

Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 idan inji a kashe yake. Ya sauka ƙasa da 12.4 ya zauna a haka, farantansa sun fara ɗaukar gishirin da ba ya narkewa. Inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Idan batir mai lafiya yana mutuwa cikin mako guda, a auna wutar da motar ke sha a kashe. Fiye da miliamf 50 na nufin wani abu bai yi barci ba, sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har a gano shi. Tsohuwar rediyo ko ƙararrawar ɓarayi da aka ƙara daga baya su ne aka fi kamawa.

Idan ajiyar za ta wuce wata guda, kada a ja birkin hannu, yana mannewa. A sa giya, a tokare taya. A ƙara iska kaɗan a tayoyi. Fetur yana fara lalacewa bayan 'yan watanni, don haka a cika tanki don rage gumin ciki, a kuma yi tafiya da shi ya ƙare kafin ya kai wata shida. Ɓeraye suna son mota mai shiru. A riƙa buɗe bonet ana duba wayoyi da akwatin matatar iska.

Abubuwan da ke tsufa ba a gani

Taya mai cikakken zane tana iya zama matacciya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Daga shekara shida a riƙa duba tsagewa, ta kai goma a cire ta ko da ba ta taɓa ƙasa ba. Galibin waɗannan motoci marasa nauyi ne, da yawansu da tayar baya suke ja, busasshiyar taya a jiƙaƙƙen titi tana juya su ba sallama.

Man inji sau ɗaya a shekara, komai ƙarancin tafiya. Man birki duk shekara biyu, domin yana shan danshi, ya ci bututu daga ciki, ya kuma tafasa idan birki ya yi zafi. Kuloci mai aiki da mai shi ma haka. A tsofaffin MX-5 ƙaramar silindar da ke jikin giya ce ta fi yin yoyo, feda ta nutse ta ƙi dawowa.

Sai lagireto. Samansa na roba baƙi ne yana sabo. Ya koma ruwan ƙasa, ya kusa fashewa, a canza shi tun bai nuna ba. A Z3 a haɗa da tankin ruwa da famfo, duk roba ce a jikinsu. A MG F, wanda gasket ɗin kan injinsa ya yi ƙaurin suna, a duba dogayen bututun ruwa da ke bi ta ƙarƙashin motar, domin injin a tsakiya yake, lagireto a gaba, kuma ɗan yoyo a can ya isa ya sa allurar zafi ta hau kafin direba ya ankara.